Wane gam za ka sa wa fom da kwalekwale a zafin Jidda?

Ranar wata Alhamis bayan la'asar Kawuna ya shigo warshar da nake aiki, wato shagon gyaranmu, a kudancin Jidda, riƙe da murfin akwatin ƙanƙararsa, fuska a murtuke. Akwatin na farin fom ne, wanda Larabawan nan ke kira fillin, irin wanda ake cika wa ƙanƙara a jera kifi a kasuwar Bangala. Gefen murfin ne ya tsage, sai wani maƙwabcinsa ya ba shi ragowar rezin na aikin faiba a gwangwani, ya ce ya shafa. Ya kuwa shafa. Kafin ya gama wanke hannu wurin ya lotsa, ya zama rami mai yauƙi, sai ka ce an ɗiga ruwan zafi a kan curin sukari.

"Ɗana, wannan ai ba gam ba ne, guba aka ba ni."

Na ce, "Kawu, gam ne, mai kyau ma kuwa. Gidan da ka kai shi ne ba nasa ba."

Duk wanda ya zo mini da tambayar wane gam ya fi ƙarfi, ni ma tambaya nake mayar masa: me za ka liƙa, a jikin me, kuma ruwa zai kwana a kansa ko rana? Abin da muke kira fom ba iri ɗaya ba ne. Akwai farin nan mai ƙwayoyi kamar dawa, wanda in ka karya shi sai ƙwayar ta watsu ko'ina. Akwai ɗan'uwansa shuɗi ko ruwan hoda da ake shimfiɗawa a rufin gidaje saboda zafi, ya fi shi santsi da nauyi amma asalinsu ɗaya, folistirin. Akwai mai ruwan ɗorawa mai tauri, wanda za ka gani in ka fasa bangon tsohon firji, shi ne foliyuretan. Akwai fom na PVC mai tsada, da maƙeran jirage ke sakawa tsakanin faiba da faiba don daɓe ya yi ƙarfi ba tare da ya yi nauyi ba. Sai kuma masu laushi: irin na takalmin silifa da ake shimfiɗawa a daɓen jirgi, da soson kujera.

In ba ka san wanda ke hannunka ba, ɓalli ɗan guntu ka ɗiga masa fetur ko asiton. In ya narke nan take, folistirin ne, ka raba shi da duk wani gam mai warin tina. In ya tsaya kyam, ka samu sauƙi.

Abin da ya sami Kawu ba tsafi ba ne. Farin fom kusan kashi 98 cikin ɗari iska ce, ɗan abin da ya rage shi ne folistirin. Shi kuwa rezin foliyesta, wanda kowa ya sani da rezin na faiba, kashi 30 zuwa 45 nasa wani ruwa ne mai suna sitirin, shi ne wannan warin mai hawa kai da kake jiyowa tun daga bakin titi in ana aikin faiba. Da sitirin ɗin aka yi fom tun farko, shi ya sa da sun haɗu sai ya narkar da shi, iskar ta fice, a bar ka da yauƙi.

Babban zaɓin da ke gaban mai jirgi dai tsakanin biyu ne, foliyesta da ifoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake haɗawa, don haka a nan zan daɗe.

Yawancin kwalekwalen faiba da za ka gani a bakin Bahar Maliya, daga Suwal har Ƙunfuza, da foliyesta aka zuba su. Yana da araha, ba a sha wahalar samunsa a sina'iyya, wato unguwar masana'antu, kuma yana jiƙa tabarmar faiba da sauri. Ana haɗa shi da ɗan ruwan busarwa, munashif a bakin masu shago, MEKP a jikin kwalba, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo guda. Daɗin abin, kana iya motsa awon gwargwadon yanayi: da rani ka tsaya a kashi 1, da sanyin Janairu ka ɗan ƙara. Kada dai neman lokaci ya sa ka yi ƙasa da kashi 1, domin zai yi ta danƙo, ba zai taɓa yin taurin kirki ba.

Sai dai foliyesta gwanin zubi ne, ba gwanin liƙi ba. In sabon jirgi ake yi a cikin mazubi, ana ɗora shimfiɗa kan shimfiɗa tun ta ƙasa ba ta gama bushewa ba, sai su haɗe su zama jiki ɗaya. In kuwa tsohon jirgi ne da ya shekara goma yana shan gishiri, sabon rezin ba ya narkewa cikin tsohon, ƙarzar da ka yi kawai yake kamawa, kuma kamun ba mai ƙarfi ba ne. Ga shi yana tsukewa wajen bushewa, kamar kashi 5 zuwa 8, tsukewar nan kuma tun ranar farko take jan facin daga baki. A kan katako abin ya fi muni. Katako yana kumbura yana motsewa, foliyesta kuma bai iya bin sa ba, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ga fatar faibar ta ɗago, ka sa hannu ka ɓare ta kamar ɓawon rogo.

Ifoksi ba shi da sitirin, don haka ba ya cin farin fom. Tsukewarsa ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 ba, ruwa ba ya ratsa shi kamar yadda yake ratsa foliyesta, kuma yana kama katako, tsohuwar faiba, ƙarfen da aka goge, da kowane fom mai tauri. Ruwan Bahar Maliya gishirinsa ya kai giram 40 a lita, sauran manyan tekuna suna wajen 35, ga duwatsun murjani da ke kankare gindin jirgi kullum. Duk facin da zai zauna ƙarƙashin ruwa, ni da ifoksi nake yinsa, ko da mai jirgin zai yi ƙorafi. Kuma yakan yi, tunda kuɗinsa kan ninka na foliyesta sau biyu ko uku, wani lokaci ma fiye.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai jirgi ya riƙe: ifoksi yana kama foliyesta, amma foliyesta ba ya kama ifoksi da kyau. In ka yi faci da ifoksi yau, gaya wa wanda zai taɓa wurin gobe, kada ya ɗora masa rezin na faiba ya ɓare, a ce aikinka ne bai yi ba. Haka nan tabarmar faiba mai gajerun zare, wani gam ne ya riƙe zarurrukan, sitirin ke narkar da shi har ta kwanta luf. Ifoksi ba ya narkar da shi yadda ya kamata. Da ifoksi saƙaƙƙen ƙyalle ake amfani.

Kuskuren da masu hannun foliyesta suka fi yi ranar da suka fara taɓa ifoksi shi ne ƙara ruwan busarwa don ya yi sauri. A nan ba a yin haka. Ruwan biyu aure suke yi, kowane ƙwaya da abokinta, abin da ya yi saura daga kowane ɓangare sai ya zauna a ciki ɗanye, ya bar maka gam mai laushi kamar cingam. In an rubuta 5 da 1, kamar West System 105 da 205, to 5 da 1 ne. Wasu 2 da 1 ne, ƙanana masu matsewa kamar man goge baki irin na Araldite kuma 1 da 1. Duba ko awon na nauyi ne ko na cika, domin ba ɗaya ba ne. Sirinji biyu daga kantin magani ko ɗan sikelin kicin sun ishe ka, ido kuwa ba ya awo.

Yanzu ga abin da ba a rubuta wa mutumin Jidda a jikin gwangwani ba. Lokutan da suke bayarwa na yanayin digiri 22 zuwa 25 ne. Mu kuwa garinmu ya taɓa kai digiri 52 a watan Yunin 2010, kuma ko a rani na yau da kullum warsha mai rufin kwano ba ta rasa 40. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba lokacin aikinka biyu. Ruwan busarwa 205 da na ambata yana ba ka minti 9 zuwa 12 a kofi in ana 22, ka ga ke nan a Agusta kafin ka gama juyawa ya fara ɗumi. Nemi mai jinkiri. Na kamfanin nan mai lamba 209, wanda ake haɗawa 3 da 1, don ƙasashe masu zafi aka yi shi, yana kai minti 40 zuwa 50 a digiri 22.

Shekarata ta farko a aikin na taɓa haɗa kusan rabin kilo a cikin robar laban, wato nonon kanti, na ajiye na je ɗauko almakashi. Na dawo na tarar yana hayaƙi, robar ta lanƙwashe, buroshin ya tsaya cak a tsakiya kamar an dasa shi. Ifoksi da kansa yake haifar da zafi in yana kamawa, in kuma yana cunkushe a kofi mai zurfi zafin ba ya samun hanyar fita, sai ya ƙara wa kansa sauri. Tun daga ranar giram 100 nake haɗawa a lokaci ɗaya, in juye a faranti mai faɗi. Wannan zafin yana da haɗari ga farin fom musamman: da ya kai wajen digiri 80 yake fara laushi. In ka cika rami mai zurfi da ifoksi a zubi ɗaya, bai ci fom ɗin da sinadari ba amma zai dafa shi. Cusa guntun fom a ramin, gam ɗin ya zama siriri.

Lokacin aiki ma zaɓi ne. Liƙi bayan sallar asuba ya fi. Amma in shafe katako ko fom za ka yi, bari sai bayan la'asar sakaliya, rana ta juya. Da safe katako yana ɗumama, iskar cikinsa tana fitowa, sai ta huda shafin ta bar ƙananan ƙuraje. Da yamma yana hucewa, sai ya riƙa zuƙar gam ɗin ciki.

Raɓar daren Jidda kuma tana barin wani maiƙo a fuskar ifoksi, in ka shafa za ka ji kamar kakin zuma. Ruwa da soson wanke-wanke ke fitar da shi, ba tina ba. In ba ka wanke ba, fenti ba zai kama ba, samfefa kuma za ta toshe. Fentin kuwa dole ne, domin rana tana mayar da ifoksi rawaya ta farfashe shi. Sa fari. Ifoksin da ya bushe a iska yana fara laushi tsakanin digiri 50 da 60, baƙin daɓe kuwa da azahar ya wuce haka.

Ifoksi zalla ruwa ne, in ka liƙa katako da shi haka sai katakon ya shanye, mahaɗar ta zauna da yunwa. Fara shafa zallan a fuska biyu, sannan ka kaurara sauran da garin silika ko lallausan garin katako. Kaurin kunu don shimfiɗa fom a kan faiba, kaurin tunkuza don cike giɓi da kusurwa. Kada ka matse shi har ya tsiyaye duka, yana son a bar masa ɗan wuri. Shi kuwa ifoksin minti biyar na kanti, na gyaran hannun kofi ne, kar ka kai shi ƙarƙashin ruwa.

Wasu suna dabarar rufe farin fom da tef ko fentin ruwa hawa uku don su samu damar zuba masa foliyesta. Na gwada, ba na ba da shawara. Huda ɗaya kamar tsinin allura ta isa sitirin ya shiga ya cinye cikin, kai kuma ba za ka sani ba sai ranar da ka taka wurin ya rufta. In akwatin ƙanƙara za ka ƙera, ko dai farin fom da ifoksi, ko fom mai ruwan ɗorawa da foliyesta. In aikin babba ne na biyun ya fi araha, fom ɗin foliyuretan kuma ya fi riƙe sanyi.

In fom da fom kawai za ka haɗa, akwai wanda ya fi ifoksi dacewa: gam ɗin foliyuretan mai kama da zuma, irin su Gorilla Glue. Danshi ke kama shi, don haka iskar Jidda ƙawarsa ce. Ka ɗan yayyafa ruwa a fuska ɗaya, ka shafa shi siriri a ɗayar, ka ɗaure. Yana kumfa ya ninka kansa sau uku ko huɗu, in ba ka danne ba sai ya ture guntayen. Awa biyu a ɗaure, kwana ɗaya ya gama. Na fi son sa a nan saboda layinsa yana goguwa tare da fom ɗin, ifoksi kuwa sai ya bar maka ƙashi mai tauri a tsakiya, kana gogewa gefe biyu na cinyewa shi yana tsaye. Amma kada kumfar ta ruɗe ka. Inda ta cike giɓi mai faɗi ba ta da ƙarfi ko kaɗan, shi ya sa ba na haɗa ƙashin jirgi da shi. Sayi ƙaramar kwalba, domin da ka buɗe ya fara mutuwa, kuma sa safar hannu, in ba haka ba za ka yi mako da baƙin yatsu.

Ɗan'uwansa shi ne fom ɗin zubi mai ruwa biyu, da ake cika ƙarƙashin daɓe da shi don kada jirgi ya nutse in ya fashe. Mai nauyin kilo 32 a mita ɗaya ta kowane gefe aka fi amfani da shi, yana kumbura kusan sau 30, a zafinmu kuma cikin daƙiƙoƙi yake tashi. Zuba kaɗan-kaɗan, ka bar masa mafita, don yana iya ɗaga daɓe. Kumfar gwangwani ta masu sa tagogi ba madadinsa ba ce, tana shan ruwa.

Fom mai laushi kuwa duk waɗannan ba nasa ba ne. Ifoksi ba ya kama irin na silifa, ko ya kama da an lanƙwasa zai fashe. Nasa shi ne gam ɗin masu gyaran takalmi, wanda 'yan gida suka sani da Evo-Stik, a nan kuma an fi cewa Pattex. Shafa a fuska biyu, ka jira har ka taɓa da bayan yatsa bai biyo ka ba, sannan ka haɗa ka danne da ƙarfi. Sau ɗaya ake haɗawa, ba gyara. Rauninsa rana, bakin shimfiɗa yakan ɗago, don haka tambayi mai jure zafi, kuma ka zagaye kusurwoyin kafin ka liƙa. A soson kujera shafi siriri, in ya yi yawa mahaɗar za ta yi tauri a ji ta in an zauna. Kada ya kusanci farin fom.

Manyan akwatunan roba masu santsi, waɗanda robarsu irin ta jarka ce, ba gam ɗin kanti da ke kama su da gaske. Ana narka bakin tsagar da ƙarfe mai zafi, a cike da yankin roba irinta.

Saura inda noti ko bututu ya huda jikin jirgi. Wurin yana motsi, yana son abin da ke miƙewa. Gam mai suna 3M 5200 yana kamawa kamun har abada, yana kuma ɗaukar kwana bakwai kafin ya gama bushewa, in ka sa shi a abin da za ka cire wata rana sai ka yi kuka. Mai lamba 4200 ko Sikaflex 291 sun fi dacewa da fitila, famfo, murfin rami da makamantansu. Silikon na banɗaki, mai warin khal, yana sa ƙarfe tsatsa, fenti ba ya hawansa, kuma inda ya taɓa ba abin da zai sake kamawa sai ka kankare wurin. Farin gam na kafintoci ba ya jure jiƙa, tsakanin fom biyu ma ba ya samun iskar bushewa. Super Glue yana cin farin fom kuma yana karyewa. Gam ɗin kyandir na bindiga kuwa, rana ɗaya a bakin tekun Obhur ta ishe shi ya saki.

Mai tsohon jirgin huri ko sambuk na falanki ya yi hattara da ni da ifoksina. Falankan nan an yi su ne su sha ruwa su kumbura su matse juna, shi ya sa mutanen da suke cusa auduga mai mai a tsakaninsu, aikin da ake kira ƙalfata, kamar yadda namu na bakin Kwara ke cusa tsumma da kwalta. In ka cike tsakanin da abu mai tauri, katakon ya kumbura bai samu wuri ba, sai ya tsage a gefe. Jirgin filawud ne abokin ifoksi, shi ba ya wannan motsin.

Kowanne ka zaɓa, gishiri da danshi da maiƙon kifi za su kayar da shi in ba ka kore su ba. Wanke da ruwan daɗi, ka bar shi ya bushe ko da kwana uku ne. Goge maiƙo da asiton kafin ka ƙarza, ba bayan ka ƙarza ba, don kada samfefa ta tura shi ciki, amma kada asiton ya taɓa farin fom. Samfefa mai lamba 80. In rami ne ya ratsa faiba, ɗauki sarukh, wato giranda, ka fiƙe bakinsa a kwance, faɗin ya ninka kaurin sau 12: bango mai milimita 5 yana son santimita 6 ta kowane gefe. Fom ɗin da ya jiƙe a cikin bango ba ya bushewa ta ƙaramar huda, tono shi za ka yi har ka kai busasshe. Ruwan MEKP kuma ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, kuma kada ka taɓa haɗa shi kai tsaye da shuɗin ruwan kobalt mai hanzarta bushewar rezin, wuta suke tayarwa.

Murfin Kawu dai wuƙa na sa na yanke inda ya narke, na fiƙe guntu daga wani fasasshen akwati daidai ramin. Na yayyafa ruwa, na shafa foliyuretan, na soke shi da tsinken tsire guda huɗu don kada kumfa ta ture shi, na naɗe da tef. Washegari bayan la'asar na zare tsinkayen, na goge, na shimfiɗa ƙyallen faiba hawa ɗaya da ifoksi a duk murfin, bayan kwana biyu na wanke na yi masa farin fenti. Da ya zo karɓa ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya juya shi, ya ce in gaya masa nawa zan yi wa sauran akwatunan guda shida. Gwangwanin maƙwabcin kuwa ya bar mini a warsha. Na buɗe bayan wata biyu na tarar ya daskare, don foliyesta ko a inuwa ba kasafai yake wuce wata shida ba, balle a ƙarƙashin kwano.